Ɗiyar da ba a ƙidaya ba

"Yara nawa gare ki?"

Ko kai ban ɗaga ba da na yi tambayar. Idona na kan waya, batir ta kusa mutuwa, layin mata ya kai har bakin ƙofa, rana kuma ta fara dukan kwanon rumfar. Ardo ya juya mata maganar da Fulatanci. Ta ɗan jima, sannan ta ɗaga yatsu uku. Na leƙa, ga biyu riƙe da zanenta, ɗaya goye. Na danna uku.

Tambaya ta gaba ita ce ko akwai ɗanta da ya ɓace. Na karanta, ardo ya fassara. Matar ta saci kallon tabarmar da ke damanmu, inda wani tsoho ke zaune da sanda bisa cinya, ta mayar da ido ƙasa. An riga an gaya min surukinta ne, uban mijinta. Shi ma bai ce uffan ba. Ardo ya ɗan jira, ya dube ni ya ce babu. Na danna babu, na ce ta gaba ta matso.

Duka abin bai kai minti uku ba.

A santir ɗin Madarumfa ne wannan, inda nake aiki. Ni 'yar Maraɗi ce, can aka haife ni, can nake kwana. Da safe in shiga taksi, bayan la'asar in koma. Santir ɗin ba wani babban abu ba ne: ɗaki biyu, mangaza ta ajiyar kaya, rumfar kwano da famfo ɗaya. Na iyalan da suka rasa wurin zama ne. Akwai Hausawan da suka tsallako daga Najeriya saboda 'yan bindiga, akwai Fulanin da aka kwashe wa shanu, akwai Buzaye, akwai waɗanda aka koro daga Aljeriya ko takalmi babu, har da wani Bazabarme da matarsa 'yar Togo da har yau ban gane yadda aka yi suka faɗo nan ba. Aikina in rubuta su a waya, in san wa ke buƙatar likita, ɗan wa za a sa lakwal ya yi boko, wa ke neman wa.

Amma ba ni ke riƙe da wurin ba. Komite ne na manya huɗu: mai unguwa, liman, ardo, da wata tsohuwa shugabar mata da kowa ke ce wa Iya. Dokarsu ta farko ita ce ba a rubuta kowa sai gabansu, kuma sai babban gidan mutum na zaune yana shaida. Kada ku ce dokar banza ce. Kafin a kafa ta, 'yan gari kan aro yara su shiga layi ranar rabon hatsi, har aka taɓa fasa wa wani kai. Ranar da manyan nan suka shimfiɗa tabarma bakin rumfa abin ya tsaya cak. Su suka nemo wa baƙi gefe a maƙabarta, su suka raba lokacin ɗibar ruwa tsakanin matan gari da na santir. Ina ganin girmansu, duk da suna cinye min safiya da gaisuwa. Mai unguwa Bakatsine ne, Iya Bagobira, saboda haka rabin zaman tsokana ne. Ya ce mata Gobirawa ba a gayyatarsu, ƙamshin miya kawai suke bi. Ta ce ai shi ya kawo ta, ta ji Katsinawa na rabon abin da ba nasu ba, ta zo ta sa ido.

Bayan kamar sati biyu wani abokin aikinmu da ke Ɗan Issa ya sa hoto a gurup ɗinmu na waya. Yarinya ce 'yar kamar shekara tara, Bafulatana, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsince ta bakin hanya ya kai wa jandarma, su kuma suka ba wata mai abinci kusa da tasha riƙonta kafin a samu danginta. Hausarta kaɗan ce. Ta dai faɗi sunan rugarsu da sunan wadda take kira innarta. Ya ce kowane santir ya duba.

Ina cikin taksi saƙon ya shigo, mu huɗu a baya, wata ta ɗora min kwandon kifin tabki a ƙafa. Na buga sunan rugar. Gida ɗaya ya fito: tsoho, mace, yara uku. Sunan macen bai yi daidai da wanda yarinyar ta faɗa ba. Wurin ɓatan yaro kuma an sa babu. Na rubuta masa, ba tamu ba ce. Da na isa gida waya na ta kukan ta cika, na share hotuna, har da nata. Ban nuna wa kowa ba. Dama an hana mu yawo da hoton yara, don akwai masu cewa nasu ne alhali ba nasu ba. Ni a ganina na yi aikina daidai.

Matar nan kuwa kullum tana santir. Ba ta shiga rumfa wurin mata. Bakin ƙofa take zama, jikin katanga, tana fuskantar hanya. Mota ta tsaya sai ta miƙe, a gama sauka sai ta zauna. Ni na ɗauka rabo take jira. Sau biyu ko uku ina wucewa na ce mata ba yau ba ne, sai Alhamis, ta koma inuwa. Ta gyaɗa kai ba ta tashi ba. Har na ce wa mai gadi wasu mutane ba sa jin magana.

Iya ce ta gano. Ba takarda gare ta ba, ba waya, karatun boko ko harafi ɗaya. Wata safiya na iso na tarar da ita tsaye ƙofar biro, wato ofishinmu, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ja ni bayan mangaza. Ta ce jiya ta zauna kusa da matar tana taya ta tsince wake, suna hira da 'yar Hausar da matar ke ji, ta lura babban cikin yaran uku bai wuce shekara shida ba, ita kuwa matar ta ce aurenta ya haura goma. Ba ta tambaye ta ina na farin ba, don ta san ba za ta samu amsa ba. Sai ta tambaye ta marigayiya uwar mijinta wa take riƙo. Nan matar ta ajiye faifan, ta ce akwai wata yarinya.

Iya ta ce min, "Ke, ɗiyar fari ce. Tun yaye kakar ta ɗauke ta. Gaban surukinta kika tambaye ta, da wasu maza uku zaune. Mi kike so ta ce?"

Na ce ai na tambaya ko akwai wanda ya ɓace.

"Kin tambayi waya dai. Ita ta ba ki amsa."

Abin da ke ci min rai shi ne ba wai ban san al'adar ba. Ni ma ɗiyar fari ce. Mamata kam 'yar birni ce, tun daga ƙofar gida take kwaɗa min kira maƙwabta na ji. Amma kakata har ta rasu ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba, in baƙi suka tambaye ta 'ya'yanta daga na biyu take fara ƙidaya, mu yi ta dariya. Na sani sarai. Kawai ban taɓa zaton abin nan na kakata zai biyo ni cikin waya ba.

Labarin da Iya ta tattaro shi ne, ranar da aka shiga rugarsu da hantsi, kakar da yarinyar sun riga sun fita tallar nono. An samu gawar tsohuwar a hanya. Yarinyar ba a gan ta ba. Mijin matar ya bi sawun shanu, har yau shiru. Tsohon ya kwaso suruka da jikoki suka tsallako. Inna da yarinyar ta faɗa a Ɗan Issa kakarta ce, don ita ta sani uwa.

Na kira abokin aikin, rezo, wato sabis ɗin waya, na yankewa, na hau kan bulo bayan mangaza kafin ya ji ni. Na ce ya sake turo hoton. Ya tambayi dalili, na ce ya turo dai. Ban tambaye shi inda yarinyar take ba a lokacin. Tsoro nake ji.

Iya ta ce kada a kira matar rumfa. Muka same ta wurinta na kullum. Tsohon na can nesa ƙarƙashin bishiyar bedi, amma yana hangenmu. Na durƙusa na miƙa mata wayar. Ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta ƙwaryar ruwa. Ba ta yi kuka ba. Ta kafe hoton da ido har hasken wayar ya ɗauke, sai ta juya ta baya, ta girgiza, ta dube ni. Na taɓa mata ya dawo. Sau huɗu muna haka.

Iya ta ce mata a hankali, "Kin san ta?"

Ta ce, "Ta gidanmu ce."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Tsohon ya taso da sandarsa, ya sunkuya ya duba. Shi ne ya ambaci sunan yarinyar, sau ɗaya, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Sai na sake kiran Ɗan Issa. Abokin aikin ya ce ai yarinyar ba ta nan. Kwana tara da suka wuce wasu Fulani mata biyu da namiji suka biyo ta tasha, suka yi mata magana da yarensu, ta saki jiki da su har ta ci abinci, abin da ba ta cika yi ba. Suka ce sun san mutanen yankinsu, za su koma da ita wajen Jibiya su nemi danginta. Duk santir ɗin da aka tambaya ya ce ba tasa ba ce, mai abincin kuma ta gaji, 'ya'yanta shida. Aka rubuta sunan namijin da lambar waya, aka ba su ita. Ya ce da ma ko mutum ɗaya ya ce a dakata, da an dakata.

Na kira lambar nan take. A kashe.

Bayan azahar komite ya zauna. Ban taɓa ganin zamansu babu tsokana ba sai ranar. Mai unguwa ya fara da ni. Ya ce yaran birni gaggawa gare su, mutum na gabanki ba ki dube shi ba, kina danna gilashi. Ban musa ba. Ardo ya ce shi bai san gidan ba, daga ƙetare suka zo, kuma a wurinsu mace ta yi shiru gaban surukinta ba laifi ba ne, tarbiyya ce, shi ba zai tsaya gaban jama'a ya matsa wa matar mutane ba. Liman ya ce kunya abu ne mai kyau a addini, amma ba a ce a yi ta har rai ya salwanta ba. Ardo ya ce Malam ya faɗa wa Hausawansa ma, su ma suna yi.

Aka juya kan tsohon, aka ce shi da ba kunyar ta hana shi ba, mi ya sa bai yi magana ba. Ya murza sandarsa. Ya ce shi ya yanke ƙauna, ya ɗauka mutanen daji sun tafi da ita. Kuma ranar da aka rubuta su, bayan tabarmar cike yake da 'yan gari. Shi Bafulatani, baƙo, ya buɗe baki ya ce jikarsa na hannun 'yan bindiga, gobe a ce yana da hanya da su, a zo a ɗauke shi, wa zai riƙe sauran ukun? Babu wanda ya ce masa ba haka ba ne. Mai unguwa ya kalli ƙasa.

Iya ce ta yi magana ta ƙarshe. Ta ce su daina neman wanda za a ɗora wa, ta nuna ni. "Yarinyar nan ta danna abin da aka ce mata. Mu muka shimfiɗa tabarmar, mu muka ce sai gabanmu. Ni ma ina zaune ranar, ina mace, ina da ɗan fari, ban ce komai ba, ina can ina faɗa da wanga Bakatsine kan goro."

Ta ce daga yau mata a bayan mangaza za a tambaye su, ita da ni kawai, kuma ita za ta yi tambayar yadda ake yi. Mai unguwa ya ce to amfanin komite fa, in 'yan gari suka dawo da aron yara? Ta ce su ci gaba da zama bakin rumfa suna tantance fuska, ba ta hana su ba, amma maganar haihuwa ba tasu ba ce. Ardo bai so ba, ya ce mazan za su ce ana zuga musu mata. Liman ya goyi bayan Iya. Aka tashi ba a yi addu'ar da aka saba doguwa ba.

Sati guda muka yi muna sake bin matan ɗaya bayan ɗaya. Iya ba ta taɓa cewa yara nawa ba. Sai ta ce wa aka yaye wa kaka, wa ke hannun goggo, wanne ne ba a faɗin sunansa. Yara suka riƙa fitowa waɗanda babu su a wayata. Yawancinsu suna lafiya wurin dangi. Biyu ba a san inda suke ba, kuma ba Fulani ba ne, Hausawa ne daga ƙauyukan bakin iyaka.

Ɗan Issa kuwa mun je washegarin zaman, ni da ardo da tsohon. Matar ba ta bi mu ba, ba a ma tambaye ta ba, ni ma sai a mota na tuna. Mai abincin ta nuna mana inda yarinyar ke kwana, bayan buhunan gawayi. Ta ce yarinya ce mai tsabta, ba ta taɓa ɗaukar abin da ba a ba ta ba, kullum tana wanke kwanoni ba a sa ta ba. Ta yi ta rantsuwa mutanen da suka tafi da ita mutanen kirki ne, dattijai, har sun sai mata takalmi. Wataƙila haka ne. Ardo ya bi 'yan canji da 'yan kabu-kabu da masu kai dabbobi ƙetare, ya bar saƙo bakin duk wanda ya sani. Ni da katin aikina ba ni da ikon tsallakawa in yi bincike can. Na tsaya ina kallon kamyoyi jere wajen duwan, inda ake biyan kuɗin fito, na kira lambar har sau bakwai.

Wata uku ke nan. Ardo ya tsallaka sau biyu da kuɗin aljihunsa, ya zaga kasuwannin shanu. An ce masa an ga masu kama da su sun yi gabas, wani ya ce a'a kudu. Liman na sanarwa bayan sallar Juma'a. Abokan aiki na can ƙetare sun karɓi hoton sun ce za su duba. Lambar ta shiga sau ɗaya, wani yaro ya ɗauka ya ce shi a kasuwa ya sayi layin.

Matar ba ta taɓa ce min komai kan abin da na yi ba. Ban ma san ko an gaya mata ni ce na rubuta ba tamu ba ce. Ni ban gaya mata ba. Da safe in na sauka daga taksi takan miƙe, ta dubi hannuna, ba fuskata ba. In na girgiza kai ta zauna. Wani lokaci in ba ta wayar ta riƙe, yanzu ta iya taɓawa da kanta in hasken ya ɗauke. Na je an wanke min hoton a Maraɗi na kawo mata, ta ƙi karɓa gaban mutane, sai Iya ta kai mata ɗaki.

Shekaranjiya tsohon ya zo gaban komite ya yi godiya. Ya ce damina ta matso, ya samu wasu danginsu gaba da garin Gabi da za su ba shi gona da 'yan awaki, ba zai zauna yana jiran hatsin Alhamis har ya mutu ba. Ranar Lahadi za su tashi. Wurin babu rezo, mota ba ta shiga in ruwa ya sauka. Ya ce bai tilasta wa surukarsa ba, in tana son zama ta zauna, amma yaran biyu manya da shi za su tafi, jinin ɗansa ne. Komite ya rabu. Ardo da mai unguwa suka ce ta bi shi, mace ita kaɗai a santir ba daidai ba ne. Iya ta ce in aka dawo da yarinyar, ko aka kira, nan za a nema, kuma yarinya ba a riƙe ta kwana da yawa, mun riga mun gani. Liman ya ce a bar ta ta zaɓa.

Jiya ina haɗa jakata za ni tasha, ta biyo ni har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya gefena, goyonta na barci. Da 'yar Hausarta ta ce, "Madam, ke ke da waya. Za a kira?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To in zauna ko in tahi?"

Taksi ya tsaya, direba na ta oda. Na ce mata ta bari sai gobe. Ta gyaɗa kai ta koma jikin katangarta.

Goben ce yau. Ina cikin mota nake rubuta wannan, mun wuce mararrabar, saura kaɗan mu shiga Madarumfa. In ta zauna, ta rabu da biyu don jiran ɗaya da wataƙila ba za a taɓa kawowa ba. In ta tafi kuma aka kira, ban san yadda zan same ta kafin a sake wucewa da yarinyar wani wuri ba. Kuma ni take jira in faɗa mata. Ku da kuke karantawa, in ku ne za ku sauka daga motar nan, mi za ku ce mata?